Batirin Lauwali a Hannun Suruki

Lauwali ba ya sa mashin ɗinsa a caji da zafinsa. In ya dawo daga Aliero da azahar, sai ya tura shi cikin zaure, ya jingine shi inda rana ba ta kaiwa, ya tafi masallaci. Bayan ya ci abinci zai ɗora bayan hannu a kan akwatin batirin, kamar mai duba zazzaɓi. In ya ji ya huce, sannan ya ɗauko caja. Ƙarama ce, baƙa, wadda mashin ɗin ya zo da ita, kuma ba ta da sauri ko kaɗan. Wutar daga solar maƙwabcinsa tela yake jawo ta, ta kan katanga. Ba ya barin batirin ya ƙare ƙaf a hanya. Ba ya kuma barinsa ya cika maƙil. Da ya ga saura kaɗan a allon gaban mashin, sai ya zare.

Mashin ɗin na lantarki ne, kuma a lokacin ba su da yawa a Jega. Albasar da ya noma a fadama ya sayar ya saye shi. Wanda ya sayar masa bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ƙarfe da tayoyi ba su ne mashin ba, batirin ne, in ya mutu sauran sai dai a riƙa shanya a kai. Da shi Lauwali yake ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsakanin Jega da Aliero. Da shi ake ci a gidan.

'Yan kabu-kabu na tasha sun sa masa suna mai jinya.

"Ga mai jinya nan," in ji Haidar, wanda suke layi ɗaya. "Ya mai jikin? Ya sha magani yau?"

"Ya sha. Naka hwa? Tun safe nike ganin kana jijjiga tanki kana kasa kunne."

Aka yi dariya, aka bar shi.

Malam Mamuda shi ne mahaifin Fa'iza, matar Lauwali. Irin albasa yake sayarwa, kuma ranar kasuwar Maiyama ba ta wuce shi. Da injin tsohon mashin ɗinsa ya buga, sai ga shi wata safiya a ƙofar gidan a unguwar Jega Firchin, da buhun iri a kafaɗa. Lauwali ya fito ya durƙusa. Dattijon ya yi maganar aro yana kallon katanga, shi kuma ya amsa yana kallon ƙasa. Ba maganar da ake cewa a'a ba ce. Ya miƙa makulli da hannu biyu.

Duk unguwar an san Malam Mamuda da abu ɗaya. Ba ya mayar da kayan aro yadda ya karɓe su. In ya ari fartanya, sai ya wasa ta. In mashin ne, tanki cike zai dawo da shi, ko da kuwa a bushe aka ba shi. Mutane kan so ya ari abinsu.

Da la'asar sakaliya ya dawo. Allon mashin ya nuna cike. Lauwali ya kai hannu kan akwatin batirin ya janye da sauri.

"Sai da nib biya gona can ƙauyen Alelu, shi ya sa," in ji dattijon. "Bakin kasuwa yam mutu mani, turawa niy yi. Amma akwai wani mai caji nan bayan 'yan kaji, janareto gare shi babba, da wata caja awa akwatin ƙarfe. Kafin in gama ciniki ta cika shi. Ga shi nan har wuya."

Fuskarsa a sake take. Ya yi abin da ya kamata.

"Allah shi saka da alheri, Baba," in ji Lauwali.

Da kasuwa ta zagayo, sai ya ɗaure ƙaramar cajarsa cikin leda ya rataya a kan mashin, bai ce komai ba. Da yamma ledar ta dawo da ƙullin da ya yi mata.

"Na ga 'yar abarka," in ji Malam Mamuda. "Mai cajin yac ce sai ta wuni ba ta cika shi ba. Ban ko kwance ta ba, kar ta lalace maka a hannuna."

Haka aka ci gaba. Kowace kasuwa mashin ɗin zai tafi, a murɗe shi har ya mutu, a jona shi da zafinsa ƙarƙashin rufin kwano, ya dawo cike yana turiri a hannu. Kowace kasuwa Lauwali zai durƙusa ya yi godiya. Sauran kwanakin ya lallaɓa shi kamar da, amma lallaɓawar ba ta mayar da abin da ya tafi. Da can yakan je Aliero ya dawo, ya sake komawa. Sai ya zama zuwa da dawowa kawai. Wata rana kuma, da wata mata a baya da buhunta, mashin ɗin ya yi shiru suna hangen gidajen Jega. Matar ta sauka ta tare mai mashin ɗin fetur. Lauwali ya tura nasa har shagon Abdulrazak, mai gyaran sola da batura.

Abdulrazak ya kwance murfin akwatin, ya sa na'urarsa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ke dafa maka shi?"

Lauwali ya kau da kai.

"Kai dai na san ka, ba kai ba na. Wanga an sa mai cajar da ba tashi ba. Ta fi ƙarfinshi, tura mai wuta takai da tsiya, ga shi da zafi an jona. Dibi nan." Ya nuna gefen da ya ɗan tasa. "Ya fara kumbura. Waɗanga ƙwayoyin sun gaji, sauran na ɗauke da su."

"Ana gyarawa?"

"Abin da ya tahi ya tahi. Na baya kake iya tsarewa. In ka koma yadda kake yi, shina iya kai ka wasu shekaru, sai dai ka rage dogon zango. In anka ƙara kai shi wurin nan kuwa, ka fara neman wata sana'a. In ma bai kama da wuta ƙarƙashin mutum ba."

Ya mayar da murfin, yana ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya.

"Aro kake badawa?"

"Surukina."

Abdulrazak ya tsaya da ɗaurin. Sai ya ce, "To," ya ci gaba.

A gida ya tarar da Fa'iza a tsakar gida tana yanka kuɓewa. Ya zauna a kan turmi.

"Ki gaya ma Baba shi daina cika shi."

"In ce mai mi?" Ba ta ɗago ba.

"Wurin da shike kai shi na kashe batir."

"Wato in je in ce ma ubana alherin da shike yi ɓarna na. Kai da kake zubewa ƙasa kana Allah shi saka, ni za ka tura da wuƙa."

"Ke ɗiyatai ce. Zai fi jin naki."

"Shi ya sa ba ni iyawa. Bakinka ciwo shikai?"

"Surukina ne, Fa'iza."

"Ni kuma a kasuwa anka tsinto ni."

Ta share kuɓewar daga wuƙa da yatsa. Can ta ce, murya ƙasa, "Ka ce mai ya lalace mana."

"Gobe shi gan ni a kai, hanyar Aliero?"

Ta ci gaba da yanka kuɓewarta.

Ranar kasuwa Malam Mamuda ya zo da buhunsa kamar kullum. Lauwali ya gaishe shi a durƙushe, amma makullin yana cikin aljihu.

"Baba, ni ma ina da 'yar buƙata Maiyama yau. Bari in kai ka."

Dattijon ya dube shi, abin da ba ya yawan yi. Suruki ba ya son hawa bayan mijin 'yarsa, kuma dukansu sun san haka. Amma ba a ce masa a'a ba, don haka ba shi da abin ƙi. Ya sa buhun irin a tsakaninsu ya hau.

Lauwali bai murɗa sosai ba. Motocin albasa suna wuce su, masu mashin ɗin fetur suna wuce su, har wani mai keke ya ɗan jera da su a gangara. Mashin ɗin ba shi da ƙara, saboda haka shirun nasu ya fito fili. Dattijon ya yi tari sau ɗaya, ya ce gero ya yi kyau bana ta wannan gefen. Lauwali ya ce ƙwarai kuwa.

A bakin kasuwar Maiyama, bayan 'yan kaji, janareto yana ta ruri. Mai cajin ya hango su daga cikin rumfarsa, ya ɗaga hannu.

"Malam Mamuda, yau direba anka samu? Ku kawo mashin ɗin, soket ɗinku na nan na aje."

Lauwali ya yi kamar bai ji ba. Ya wuce, ya sauke dattijon a layin masu iri, ya kai masa buhun har inda yake shimfiɗa. Sannan ya tura mashin ɗin ƙarƙashin wata darbejiya, gefen wani kemis mai sola a rufi. Ya yi magana da mai kemis ɗin. Ya zauna a kan benci.

Daga layin masu iri ana ganin bishiyar. Malam Mamuda yana awo da gwangwani, yana ciniki, yana kuma ɗaga kai. Ya ga mijin 'yarsa zaune bai je ko'ina ba. Ya gan shi ya tashi ya taɓa akwatin batirin, ya koma ya zauna. Ya gan shi ya sake taɓawa bayan wani lokaci, sannan ya kwance leda ya fito da ƙaramar cajar nan ya jona a kemis. Rana ta take, ta karkata. Lauwali bai sayi komai ba, bai sayar ba, bai ɗauki fasinja ba.

Bayan la'asar dattijon ya naɗe shimfiɗarsa ya taho gindin darbejiyar. Lauwali ya sauko daga benci ya tsuguna.

"Buƙatar taka ke nan?"

"Ita ce, Baba."

Malam Mamuda ya dubi cajar, ya dubi wayar da ta shiga kemis. Ya waiwaya wajen rumfar janareto.

"Wancan wurin na da aibi?"

Lauwali ya tsinci wani tsinke a ƙasa yana juya shi.

"Cajarshi ta yi ma batirin girma. Kuma ba a son a jona shi da zafi, ko a bari shi mutu ƙaf. Mai gyara yac ce ya fara kumbura."

"Cikawar da nike yi."

"Ba laifinka ba na, Baba. Na fetur haka akai musu."

"Ban tambaye ka laifi ba. Tun yaushe ka sani?"

Tsinken ya karye a hannun Lauwali.

"Tun ranar farko."

Dattijon ya juya ya dubi titi. Wani mai rake ya turo baro ya wuce tsakaninsu da titi. A can rumfa janareto ya shaƙe, ya sake kamawa.

"Tun ranar farko," in ji Malam Mamuda. "Ina kawo maka shi ina faɗin har wuya, kana ce mani Allah shi saka. Na gaya ma mutanen layinmu. Na ce mijin ɗiyata bai taɓa karɓar mashin ɗinshi da ragi a hannuna ba."

"Na ji nauyi ne."

"Ka ji nauyi."

Bai ɗaga murya ba. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannu a kan akwatin batirin, wurin da ya tasa, ya bar shi nan ɗan lokaci. Sannan ya miƙe ya saɓa ragowar buhunsa.

"Zai rayu?"

"In an kiyaye."

"To ka kiyaye. Ka tahi abinka, ni zan bi motar 'yan albasa. Akwai wanda za mu yi magana da shi a hanya."

Lauwali ya san babu wani wanda za su yi magana. Ya ce Allah shi kiyaye hanya. Ya jira har dattijon ya shige cikin mutane, sannan ya zare cajar, ya naɗe wayarta.

Shi kaɗai ya koma Jega, a hankali, batirin bai ko kai rabi ba da ya isa. Fa'iza ta leƙo, ta ga bayan mashin babu kowa.

"Ina Baba?"

"Shina bisa hanya."

"Ka gaya mai."

"Shi yat tambaya."

Ta koma ciki.

Batirin bai ƙara kumbura ba. Yana kai Lauwali Aliero ya dawo da shi, in dai bai yi lodi da yawa ba, kuma hakan ya ishi gidan. Malam Mamuda bai yi fushin da za a gani ba. In sun haɗu a masallacin Juma'a yakan amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da aiki. Ranar kasuwa kuwa tun da sassafe yake tsayawa bakin titi da buhunsa yana jiran mota. Bai sake aron komai a gidan ba. Da damina ta yi ƙarfi ɗakinsa ya fara yoyo, wata unguwa ya aika aka aro masa tsani, na Lauwali yana jingine a bayan ɗaki.