Kwandon Gwaggo

Ya danna "goge duka", kwamfutar ta ɗan yi gurnani, sannan ta saki jiki. Injiniya ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa. Tun safe yake fama da ita a falon Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ya cire tarkace, ya zuba sababbin manhajoji, ga ta yanzu tana buɗewa kamar sabuwa.

Shi fa ba injiniya ba ne, malamin firamare ne. Wata rana ce ya kashe firintar Kawu ya sake kunnawa ta yi aiki, shi ke nan suna ya bi shi. Tun daga nan duk abin da yake da waya a jiki a danginsu, har da dutsen guga, nasa ne. Ko yanzu wayarsa na ta zillo a aljihu, Yaya ce ta manta lambar sirrinta, kuma ta rantse shi ya sani.

Gwaggo ta shigo tana goge hannu da gefen zani.

"Sannu da aiki, Injiniya. To, buɗe min kwandona."

"Wane kwando, Gwaggo?"

"Wanda ke can sama, a lungu. Hotunan Baffanka ne a ciki. Dama ina so ka sa su riƙa girma, kullum 'yan ƙanana nake ganinsu."

Ya kalli allon, ya kalle ta, ya sake kallon allon. Kansa ya ɗaure tamau.

"Gwaggo, a nan kika ajiye su?"

"To ina zan ajiye? Da maigidan nawa ya rasu, Auta ta tattaro min su daga wayarsa ta baza su a fili a kan allo, jikoki kuma ba sa barin komai. Sai na ga kwando, na ja su ɗaya bayan ɗaya na zuba. Ni kaɗai na iya, ba wanda ya koya min."

"Wayar Baffan fa?"

"Ta faɗa ruwa tuntuni. Ai kai ka ce ba ta gyaruwa."

Gumi ya keto masa. Ya ce akwai wani ɗan abu da zai duba a waje, ya naɗe kwamfutar a hammata ya fice ko takalmi bai gama sawa ba. A cikin bas ma wayar ba ta bar shi ba. Kawu ne, wai hoton talabijin ya koma kore, me ya taɓa ranar da ya zo? Bai je gidan Kawu ba tun bara.

Mai gyara yana can a rumfarsa ta bakin kasuwa, tsakanin tulin matattun allo da igiyoyin caji. Ya saurara yana sakace, sannan ya tambaya ko an zuba wani abu bayan gogewar.

"Kafin dai. Ko bayan... Ina jin duka biyun."

"Malam, kafin ko bayan?"

Wallahi bai sani ba. Ya zauna a kan benci yana kallon wani koren layi yana rarrafe a kan allo, yana ta ƙoƙarin tuna fuskar Baffa, amma sai tarinsa kawai yake ji. Tsoro ya kama shi sosai. Da layin ya kai ƙarshe, sunayen hotuna rututu suka fito, sai dai duk wanda aka danna toka-toka ne, babu kowa a ciki. Guda ɗaya ne ya buɗe, shi ma rabi: hula, goshi, idanu biyu suna dariya, daga hanci zuwa ƙasa kuwa toka.

La'asar sakaliya ya dawo. Ya durƙusa gaban Gwaggo ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa kwandon nan na shara ne, shi kuma ya zubar.

"Shara? A cikin kwamfuta? Wa yake cin abinci a ciki?"

"Ba irin wannan sharar ba, Gwaggo. Abin da ba a so ne ake jefawa."

"To ni ai ina so."

Sai kawai ya juyo mata da allon. Ta matso, ta gyara tabarau. Ta kai yatsa ta shafa goshin.

"Ka ga ya girma kuwa," in ji ta a hankali. "Ranar da Auta ta gama makaranta ne. Dariyar takalmina yake yi." Ta share ido da bakin mayafi. "Sauran fa?"

"Babu, Gwaggo. Shi ke nan."

Ta gyaɗa kai, bai san ko ta gane ba ko ba ta gane ba. Ta rufe hoton da kanta, ta ɗora yatsa a kansa, ta ja shi a hankali, tana cije leɓe, har can sama a lungu.

"Bari in adana wannan, kada shi ma ya salwanta."

Injiniya ya ɗaga hannu zai tare ta, sai ya mayar da shi kan gwiwarsa. Kwandon da ya wuni fayau ya nuna 'yar farar takarda a ciki.

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Ka ga ya koma yadda yake."