Ragon da Ke Kashe Mota

Rauda ta dawo daga Katsina da takardar shaidar koyon gyaran mota da wata na'ura mai kama da babbar wayar hannu, wadda ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Mahaifinta Mainasara, wanda ya shekara talatin a garejinsa na Daura yana gane ciwon mota da kunne, ya juya na'urar ya sake juyawa, ya tambaye ta ko tana kama rediyo. Ta yi dariya, amma abin ya sosa mata rai, don ba ta da burin da ya wuce a ba ta gefe a garejin nan.

Akwai kuwa motar da ta gagari Mainasara, ta amininsa Alhaji Sha'aban mai fataucin tumaki. Kwana shida lafiya lau take, amma ranar Lahadi, a hanyar kasuwar Mai'adua, sai ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Da an kawo ta gareji sai ta koma amarya. An canza filogi, an canza batir, har tofi an yi mata. Da abin ya ishe shi, Mainasara ya ce wa Rauda in ta gano wannan, wurinta a gareji ya tabbata. In ta kasa, ta tattara rediyonta.

Ranar Litinin Alhaji ya kawo motar tana ƙyalli, har ƙamshin turare take. Na'urar ta nuna cewa wuta na ɗaukewa daga famfon mai lokaci-lokaci. Rauda ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga komai ba. Gumi ya karyo mata, ga Baba a kan benci yana karkaɗa ƙafa yana murmushi. Can ta lura an cire kujerar baya, kuma duk da turaren, hancinta ya tsinto wani wari da ta sani.

Ta durƙusa ta tambayi Alhaji ko haka motar take ranar kasuwa. Ya ce ina, ai shi ba zai kawo wa mutumin kirki mota da kashin tumaki ba. Sai ya sauke kaya, an share, an wanke, an turara.

"Alhaji, don Allah gobe a kawo ta da dattinta," in ji Rauda. "Har da ragunan."

Washegari gareji ya cika. Masu faci, masu walda, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallon 'yar Mainasara za ta duba lafiyar raguna. Alhaji ya iso da ƙosassu uku a baya, kunya kamar ta kashe shi. Rauda ta leƙa, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa ƙofa. Igiyar babban ragon a jikin wani kakkauran baƙin abu aka ɗaure ta, wanda Alhaji ya ɗauka ƙarfe ne. Damin wayoyin famfon mai ne.

Ta sa aka tayar da mota. Ta ɗebo dusa a tafin hannu ta miƙa daga nesa. Rago ya zabura, igiya ta miƙe, mota ta mutu. Ta janye hannu, ta gyara wayar, aka murɗa makulli, mota ta tashi. Sau uku tana yi, don jama'a sun ƙi yarda a daina. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana share hawaye, Alhaji kuwa sai salati yake yana hararar ragonsa.

Mainasara ya fi kowa dariya. Rauda na cikin naɗe wayar wani mai a-kori-kura daga Sandamu ya tsaya, ya gaida Mainasara, ya fara zayyana masa matsalar motarsa.

Mainasara ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya nuna Rauda da haɓa.

"Ga makanikin can," ya ce. "Kuma kada ka wanke motar."