Takalman Samanja Thackray

A ra'ayin Samanja Thackray, duniya ta fara lalacewa ne ranar da aka hana shi sa yara su zagaya filin fareti a guje da bindiga bisa kai. Kafin wannan rana, a cewarsa, ana haihuwar yara da kunya da ƙwari. Bayanta sai aka koma haifo su da waya a hannu. Haka yake faɗa duk yammacin Alhamis a ƙungiyarmu ta 'yan kadet ɗin sojan sama, kuma ba mai musa masa, don musu da shi ɓata yawu ne.

Ni ma ta hannunsa na bi. Ina 'yar shekara goma sha uku ya sa ni kuka saboda karin gugar wandona ya fito biyu. Yau ni ce shugabar ƙungiyar, da rana kuma ina sayar da magani a kemis. Yana sara mini, yana ce mini "ranki ya daɗe" da muryar nan da ya saba kirana "ke mai kan kabewa". Har gobe in ya shigo ofis sai na tura ƙafafuna ƙarƙashin tebur.

Yara suna zuwa wurinmu ne don su hau jirgi mara inji su ga garinsu daga sama. Shi Samanja jirgi bai dame shi ba, takalmi ne addininsa. Auduga, ruwa, man takalmi ɗan kaɗan, a yi ta murzawa a hankali, shafi bisa shafi, har mutum ya ga haƙoransa a hancin takalmin. Bai taɓa zama ya nuna wa kowa yadda ake yi ba. Sai dai ya miƙo ƙafa ya ce, "Ga shi nan. In naka ya zama haka ka dawo." Kuma tsakani da Allah, takalmansa abin kallo ne.

Wata rana ya tsaya gaban Kofur Bethan, yarinya mai bakin tsiya da ƙwazo, ya daɗe yana duban ƙafarta.

"Wa ya koya miki?"

"A waya na gani, yallaɓai. Wani ɗan Kanada ne."

"Ɗan Kanada."

"Ai ya iya, yallaɓai. Kuma ba ya zagi."

"Shi ya sa na hagun bai yi ba," in ji shi, ya wuce.

Da bazara aka kai matarsa Enid gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Bai gaya wa kowa ba. Ni na sani ne don a wurina yake karɓar maganinta. Ba su da ɗa, ba su da jika. Manya daga sama sun fara yi mini hannunka mai sanda game da shekarunsa, ni kuma ina ta noƙewa, don na san in ya bar ƙungiyar nan ba abin da ya rage masa sai kujera da bango. Ba son sa nake yi ba, ko kuma ina son sa ne irin son da ake yi wa tsohon tabo. Amma ba zan iya ganin ya zauna gida ba.

Sai ga Lahadin tunawa da 'yan mazan jiya, a watan Nuwamba. Muka jera a dandali gaban dutsen da aka rubuta sunayen mamata, ga magajin gari, ga limamin coci, ga 'yan badujala. Samanja yana gaban yara, sandarsa a hammata, takalmansa na walƙiya fiye da kullum. Ana busa ƙaho aka yi tsit, sai ruwa ya sauko.

Akwai wata ƙwange da kowane kadet ya sani. In kasala ta kama ka, sai ka shafa wa takalmi man goge daɓe, nan take ya yi ƙyalli kamar ka kwana kana aiki. Aibinsa ɗaya ne: ruwa na taɓa shi sai ya koma fari. Samanja ya tsani wannan abu fiye da sata. Dokarsa ita ce duk wanda aka kama a fitar da shi daga layi, in yana da igiya a hannun riga a cire.

Ina ƙame ina kallon dutse, sai na ga wani abu fari ta wutsiyar ido. Hancin takalman Samanja ne, sun koma kamar an zuba musu madara.

Yara duka sun gani. Shi ya koya musu kallon gaba, shi kuma ya koya musu gani ba tare da juya ido ba. Na jira dariya. Mu a zamaninmu, da muke da kunya da ƙwari, da mun yi ta ƙyaƙyatawa har Kirsimeti. Amma waɗannan 'yan wayar ko tari babu wanda ya yi. Wani ƙaramin yaro ya fara buɗe baki, Bethan ta ce ta gefen leɓe, "Ka yi, in ɓalla ka." Ya rufe.

Samanja ya ƙarasa faretin daidai, ya maido da yara, ya sallame su. Sannan ya tako gabana da fararen takalmansa, ya sara, ya miƙo mini sandarsa.

"Mene ne wannan, Samanja?"

"Doka ce, ranki ya daɗe."

"Dokar yara ce."

"Ni na kafa ta. Na cire wa yara igiya a kanta, wasu suna kuka."

"Ba wanda ya gani."

Ya dube ni yadda yake duban wando mai kari biyu. Na karɓi sandar, don mutane na kallo, na jefa ta bayan mota. Na ce ya shiga in kai shi wurin Enid, tun da kowace Lahadi can yake zuwa, kuma motar haya ta wuce.

Muka kama hanya. Sai da muka tsaya a danja ya ce, yana kallon gilashi, "Enid ce take goge mini takalmi. Tun ranar da na fara sa kaki. Ni ban taɓa iyawa ba, in na yi sai ya dusashe. Na ƙarshen da ta yi ne nake ta lallaɓawa, har ya tsage makon jiya, sai na shafa man daɓe."

Na tuna daren da na yi ina murza auduga ina hawaye don in kamo takalmin mutumin nan. Haushi ya cika ni, tausayi kuma ya danne shi. Na ce, "Danja ta ba da hannu," na ja mota.

Mun sami Enid a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata gwiwa da bargo. Ta gaishe ni da fara'a, ta gaishe shi da irin gaisuwar da ake yi wa mai gyaran famfo. Ya ce mini watanni ke nan ba ta gane shi. Ya zauna, ya fara ba ta labarin ruwan sama. Ba ta saurare shi ba, idonta na ƙasa.

"Malam," ta ce, "waɗannan takalman mijina ne."

"Haka ne."

"Wane mara mutunci ne ya yi musu haka?"

Samanja ya dubi ƙafafunsa.

"Cire. Cire, na ce! Ke yarinya, miƙo mini gwangwanin can."

Tsohon gwangwanin biskit ne a kan durowa. Da na buɗe sai ga auduga da man takalmi da ƙyalle mai laushi. Ta sa aka kawo ruwan zafi, ta ɗora takalmi ɗaya a cinya, ta fara kankare farin da bayan cokali. Matar da ba ta san ranar da ake ciki ba, hannunta ko rawa ba ya yi.

"Yana da yara ranar Alhamis," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba zai tsaya gabansu a haka ba. Shi bai iya ba, amma kada ku gaya wa kowa. Yaran nan suna ganin girmansa."

Samanja na zaune da jiƙaƙƙiyar safa, babban yatsansa na leƙowa ta huji. Ya daɗe yana kallon hannunta. Can sai ya jawo kujerarsa kusa, ya ɗauki ɗaya takalmin, ya kankare yadda ya ga ta yi, ya lakato mai da auduga. Ta make masa hannu.

"Ya yi yawa! Fenti za ka yi? Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Ai ga alama. To duba nan, a hankali ake yi."

Ya duba. Na miƙe zan ba su wuri, na kai ƙofa sai ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, a gaya wa yara ranar Alhamis kowa ya zo da audugarsa. Zama za mu yi."

"Kai, malam," in ji Enid, "ido a kan aiki."