Tela Mai Rowar Jini

Tela ya daɗe yana zaman lafiya da ciwon ƙodarsa. Ya rage gishiri, yana shan magani, ƙodar kuma tana lallaɓawa. Haƙori ne ya zo ya hana shi sakat, ko keken ɗinki ya taka sai ya ji har cikin kunne. Likitan haƙori kuwa ya ce ba zai cire ba sai an auna yadda jininsa ke daskarewa, domin mai ciwon ƙoda wani lokaci jininsa kan ƙi tsayawa.

To, Tela mutum ne da ko ƙyalle ba ya yarwa. A ɗakin gwaji ya zuba wa kwalba mai shuɗin murfi ido tana shan jininsa, ransa na ƙuna. Tana kaiwa rabi ya dafe hannun mai ɗibar jinin.

"Ya isa haka, 'yata."

"Baba, bai kai layin da ke jikin kwalbar ba."

"Da ma kin san jinin nawa ba yawa. Ku yi maneji."

Ga layin jama'a a waje, ga tsoho ya kafe, dole ta zare allurar.

Da sakamako ya fito, likitar ƙoda ta ce ƙoda tana nan yadda take, amma jinin ya nuna jinkirin daskarewa, don haka haƙori ya zauna tukuna. Tela ya riƙe kunci, saura kaɗan ya yi kuka.

Matarsa, wadda ta raka shi, ta gyara zama.

"Likita, tambaye shi ko ya bari kwalbar ta cika. Mutumin da ke ɗinka wa jikokinsa wando iya ƙauri don ya rage yadi!"

Likita ta yi dariya har da dafa tebur. Ta ce a cikin kwalbar akwai ruwan magani da aka auna daidai da cikakken jini. In jinin ya gaza, maganin ya fi ƙarfinsa, gwajin ya yi ƙarya.

Tela bai jira an gama ba. Ya koma ɗakin gwaji, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya kau da kai don kada ya gani.

"Cika ta, 'yata," in ji shi. "In da hali ki yi musu gyara."

Sabon sakamako ya fito daidai. Washegari aka cire haƙorin, jinin ya tsaya tun kafin ya gama ƙorafin tsadar auduga.