Maganin Ɗa a Jikin Uba

Keken ɗinkin ya tsaya cak a tsakiyar hannun riga. Malam, maigidana, ya dafe cinyarsa, ya cije leɓe. Shekara hamsin yana taka keken nan, ban taɓa jin ya yi shiru kafin azahar ba.

"Ƙafar ce kuma?" na tambaye shi daga bakin ƙofa.

"Kamar an kwana ana jibgata. Kar ki gaya wa yaron nan."

Yaron nan shi ne babban ɗanmu, wanda kowa ke kira Injiniya. Wata uku da suka wuce likita ya ce kitse ya yi masa yawa a jini, ya ɗora shi a kan wata ƙwaya, ta kuwa karɓe shi. Shi ke nan muka yi likita a gida. Ya dubi mahaifinsa mai shekara saba'in da takwas, ya ce ai abin gado ne, ya dire masa kwali irin nasa.

Ni sai da na aurar da auta na shiga ajin manya, karatuna da yatsa nake binsa. Kwana huɗu na yi a kan 'yar takardar da ke cikin kwalin. Inda ya gagare ni na kai wa malamarmu.

*

"Takardar ta ce wanda ya manyanta, in naman jikinsa na ciwo, ya hanzarta ganin likita," na ce wa Injiniya ranar da ya leƙo mu.

Ya yi dariya, idonsa na kan waya. "Inna farfesa! Takardun nan, ko ta maganin mura kika karanta sai kin bar wasiyya. Ga ni nan ina sha, me ya same ni?"

"Kai shekararka arba'in da biyar."

"Jini ɗaya ne, Inna. Tsufa ne kawai. Baba, ka daina sha ne?"

"Ina sha," in ji Malam, yana kallon tabarma.

Da ya tafi na tsare Malam da ido.

"Yaro ya tuna da ni ya kawo," ya ce, "sai in ce ba na so?"

Na shiga ɗaki na ninke kayan da na riga na ninke.

*

Ranar da fitsarin Malam ya koma kamar baƙin shayi, a hannu aka ɗauke shi zuwa mota.

A asibiti wata likita ta juya kwalin, ta dube mu ta saman tabarau. "Wa ya rubuta masa wannan?"

Ta ajiye kwalin, ta ci gaba.

"Maganin ba shi da laifi, tsofaffi ma yana yi musu amfani. Amma ƙodar Baba ba ta ɗan arba'in ba ce, ga na hawan jini yana sha. Irinsu sai an auna, a fara da kaɗan, ana dubawa. Wannan mai ƙarfin ya ci masa naman cinya, ya taɓa ƙoda. Tun yaushe yake kukan ciwo?"

Na buɗe baki, Injiniya ya riga ni.

"Likita, kin san tsofaffinmu. Ba sa faɗin abin da ke damunsu."

Takardar na ƙulle a gefen mayafina. Na matse ta har farcena ya huda ta.

*

Sati uku muka yi a asibiti. Malam ya dawo yana dogara sanda. Mai rigar da yake ɗinkawa ya gaji da jira ya ce ya yafe, tana nan a ƙarƙashin allura da hannu ɗaya. Na lulluɓe keken da tsohon zane.

Jiya Injiniya ya shigo da fara'arsa, ya ɗora wata kwalba a kan zanen.

"Na ƙarin ƙarfi ne, Baba. Wani abokina shi yake sha, ka ga yadda ya murmure kuwa?"

"Allah ya yi albarka," in ji Malam.

Na jira ƙarar motarsa ta yi nisa. Na jawo kujera kusa da taga, na warware takardar da ke naɗe da kwalbar, na ɗora yatsa a kan layin farko.