Keken da Aka Cire wa Allura

Da zarar la'asar ta yi sanyi ƙafafun Baba suke tashi. Yana zaune a kujerarsa ta falo sai gwiwa ta kama rawa, ya miƙe ƙafa, ya naɗe, ya goga dunduniya a siminti. Shekarun baya yakan ce kamar tururuwa ce ke yawo cikin ƙashinsa. Yanzu ciwon mantuwa ya cinye yawancin maganarsa, sai dai ya yunƙura ya tashi, ya dafa bango, ya nufi ƙofa. Sau biyu ya faɗi a wata guda.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ke jinyarsa. Duk abin da likita ya ce ta bi: ƙwayar ƙarin jini da safe, babu shayi bayan azahar, ruwan ɗumi a roba, tausa daga idon sawu zuwa gwiwa. Yakan bari ta yi masa, in ta gama ya dube ta da ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah." Wannan godiyar ce ke cin ranta. Wata bakwai ke nan rabon da ya kira ta da sunan da shi da kansa ya laƙaba mata.

Ranar Asabar yayanta ya zo, ya tsaya yana kallon tsohon yana fama.

"Auta, a samu zane mai laushi a ɗaure shi da kujerar nan. Wata rana ƙugu zai karya."

"Yaya, Baba fa ka ce a ɗaure?"

"To ke me kika gani?"

Ita kuwa ƙafafun take kallo. Ba harbi suke yi barkatai ba. Tare suke tafiya, yatsu ƙasa, dunduniya sama, dunduniya ƙasa, yatsu sama. Shekara arba'in Baba ya yi yana tela, ita kuma a gindin keken ɗinkinsa ta yi rarrafe.

Suka ciro keken daga ɗakin ajiya, suka kakkaɓe, suka ɗiga masa mai. Kafin su tura shi gaban Baba, Yaya ya kwance allurar ya jefa a aljihu.

Baba ya ɗora tafin hannu a kan keken ya daɗe. Sannan ƙafafunsa suka hau matakin da kansu, ya buga 'yar tayar da ke gefen keken da hannun dama, ta juya. Bai yi taki goma ba ya tsaya, ya karkata kunne.

"Wane sakarai ne ya taɓa min keke?"

Yaya ya tuntsire da dariya. "Kin ji ko? Ni dai an gane ni."

Baba bai yi dariya ba. Ya shafa inda allura take zama, ya ji wayam, ya ture keken. Gwiwa ta koma rawa, ya fara neman bango.

Auta ta miƙa wa yayanta hannu. "Ba ni."

"Zai ɗinke yatsansa."

"Shekara arba'in bai ɗinke ba."

"Shekara arba'in yana cikin hayyacinsa."

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Amma ba ta janye hannun ba. Yaya ya yi tsaki, ya ba ta, ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannu.

Ta ɗora allurar a tafin Baba. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, sai ga yatsunsa sun juya ta, sun nemo gefen da yake shafe, sun cusa, sun murɗa ƙusa. Zaren ne ya gagare shi, ita ta zura masa. Ta yago tsohon zanen gado, ta durƙusa a bayan keken tana tare yadin, idonta a kan yatsunsa.

Ƙarar ta cika falon. Layin ya fita a miƙe. Ƙafafun da suka hana gidan sakat suka sami abin yi, kafaɗunsa suka sauka.

Can ya tsaya, ya dube ta kamar yadda yake duban mai kawo ɗinki. Ya miƙo hannu ya auna kafaɗarta da taƙi, ɗaya, biyu, da 'yan yatsu uku.

"Daidai da ta 'yata," ya ce. "Ita ma ta hagun ta ɗan sauka. Ba ta tsayawa a gwada ta, kamar mai tsutsa. Ta daɗe ba ta leƙo ni ba."

Yaya ya buɗe baki, ta girgiza masa kai.

"Mene ne sunanta, Baba?" ta tambaye shi.

Ya ci gaba da taka keken, goshinsa a tattare, har ta fid da rai.

"Auta muke ce mata."

Ta sunkuyar da kai, ta gyara yadin da ba ya bukatar gyara.

"Ƙarar keke ta hana ni ji, Baba. Me ka ce?"

"Auta!" ya ɗaga murya. "Ke kurma ce?"