Ranar da Aka Niƙa Iri

Mai Inji ake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, injin niƙa a tsakiya, sai dogon benci inda mata kan jera kwanukansu. A da, in kana ciki sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka. Yini yake fari fat da ƙurar gari har gira, ana tsokanarsa wai ya riga ubansa tsufa.

Da yaƙi ya matso, ya sa matarsa da 'ya'yansa a motar ƙaninsa suka nufi babban birni. Shi ya ce zai tsaya gadin inji, 'yan kwanaki ne abin zai lafa. Shekara ta zagayo. Tun da aka ƙone ƙarfen sabis ɗin waya bai ƙara jin muryar kowa nasa ba.

Manoman ƙauyukan bayan gada sun gudo sun bar masara tsaye a gona. Waɗanda suka koma girbi kaɗan ne suka dawo, sauran wasu aka ce 'yan bindiga ne suka kashe su, wasu aka ce nakiyar da aka binne a hanya ce. Makarantar firamare da ke kallon shagon ta cika maƙil da 'yan gudun hijira. Mutane suka ƙaru, niƙa ya ragu. Buhu ya koma kwano, kwano ya koma gwangwani, daga baya gwangwanin ma ya ɗauke ƙafa. Duk da haka kowace safiya sai ya buɗe, ya yi shara, ya zauna a ƙarshen benci yana kallon titi.

Wata hantsi wata tsohuwa ta tsallako daga makarantar, tana dafe da ƙugu.

"Sannu da hutawa, ɗana."

"Hutun dole ne, Inna. Shigo daga rana."

Ta zauna, ta kwance wani ƙulli daga ɗamararta, ta buɗe a cinya. Masara ce, manyan ƙwayoyi masu sheƙi, babu ko ɗaya da ƙwaro ya taɓa, tana ƙanshin tokar da aka adana ta a ciki. Ya ɗiba ya juya a tafin hannu.

"Inna, wannan ai iri ne."

"Na fi ka sani. Ni na zaɓe shi ƙwaya-ƙwaya. A hannun uwar mijina na gaje shi. Ranar da muka gudo ko takalmi ban ɗauka ba, shi na ɗauka."

"Ga damina ta kawo kai."

"A ina zan shuka? A filin ƙwallo? Can ma mutane ke kwana." Ta shafa masarar da ke cinyarta. "Matar ɗana ta haihu, nono ya ƙi zuwa. Shi ɗan nawa ya koma girbi."

Bai tambaye ta yaushe ba. Ya shiga ƙuryar da yake kwana, ya juye buhun garinsa, ya kakkaɓe. Abin da ya fito bai cika tafi biyu ba. Ya kawo mata ya ce ta tafi da wannan, ta bar irin.

Ta dube shi tun daga wuya har igiyar da ya ɗaure wandonsa da ita.

"Kai da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka? Riƙe abinka, ɗana. Tayar mini da inji."

Ya karkata jarka ya tsiyaye ragowar man da ke gindinta. Injin ya yi tari, ya mutu. Mai Inji ya sake jan igiya, sannan ya kama. Ƙarar ta cika titi. Nan take mutanen makarantar suka fito suka jeru a jikin katanga, wasu har da kwano a hannu, sun zaci abinci aka kawo. Ya sunkuyar da kai ya zuba masarar. Kafin ya ɗago ta ƙare.

Ya kashe injin, ya kwance murfin, ya bi kowane lungu da tsintsiya yana tara mata garin a zane. Mutanen suka koma ciki ɗaya bayan ɗaya.

Ta ɗebo ɗan gari ta miƙa masa ladan niƙa. Ya girgiza kai.

"To Allah ya haɗa ka da naka," in ji ta.

Ya so ta ƙara zama ko kaɗan, ko labarin uwar mijin nata ne ta ba shi. Amma akwai mai jiranta. Ya raka ta har bakin titi.

Bayan kwana kaɗan ya kasa haƙuri, ya tsallaka ya tambayi ɗakin mai jego. Aka nuna masa wani aji. Baƙin fuskoki ya tarar, sababbin zuwa, suna shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin allo. Wani mutum ya ce manyan motoci sun kwashe waɗanda ke ajin a da zuwa wani sansani, bai san ina ba.

"Jaririn fa?"

"Wanne daga ciki?"

Mai Inji bai san sunan tsohuwar ba, balle na jikanta. Ya yi godiya ya fito. Yana tsakiyar titi ruwan farko ya sauko, ƙasa ta tashi da ƙanshi. Ya ƙarasa shago a jiƙe, ya sa bokiti inda rufin ke yoyo, ya zauna.